Dara, 'Yan Ubanci da Iyakar Kwaikwayo a Kudancin Kano

Dara wasa ne na mutum biyu da ake yi a ƙasa, kuma a garuruwan kudancin Kano irin su Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Hausa, lokacinta shi ne rani, bayan an kai amfanin gona rumbu, sa'ad da magidanta da samari suke samun sararin zama a gindin bishiya ko a bakin kasuwa. Sunan ya haɗa wasanni fiye da ɗaya, domin akwai wadda ake rarraba 'ya'ya a ramuka, irin wadda Yarabawa suke kira ayo, amma wadda ake nufi a nan ita ce mai gida 30, wato ramukan da ake tonawa layi biyar, kowane layi gida shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗaya ya riƙi tsinkaye ɗayan kuma tsakuwa don kada su cakuɗe. Wasan mataki biyu ne. Da fari ana zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ana karɓa-karɓa, ba a yarda kowa ya jera uku ba, har 24 su ƙare, gida shida su rage babu komai; daga nan sai a shiga tafiya, inda ake gusar da ɗa zuwa gidan da ke maƙwabtaka da shi, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace, kuma duk wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa.

Wasan ba na Hausawa kaɗai ba ne, tun da Dakarkarin ƙasar Zuru sun shahara da shi, Zabarmawan Nijar kuma suna kiran nasu dili. Abin da ya sauƙaƙa yaɗuwarsa a fili yake: ba ya bukatar kayan da za a ɗauka, yatsa ne yake tona gidajen, 'ya'yan kuwa ana tsintarsu a inda aka zauna. Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Zazzau da Kano, wadda Baturen nan Clapperton ya bi ya ratsa garin a 1826, kuma ita ce rundunar Ingila ta biyo a 1903 ta fasa ƙofar Bebeji kafin ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. A zangon irin wannan hanya, inda ayari yake kwana ana jiran dabbobi su huta, wasan da baƙo da ɗan gari za su iya yi ko da ba su jin yaren juna yana da kasuwa.

Shaɗaranji, wanda 'yan makaranta suke kira ces a yau, ya bi wata hanya dabam. Asalinsa Indiya ne wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka ɗauka suka yaɗa, kuma a wannan yanki inda aka tabbatar ya zauna shi ne fadar Borno, inda ake ce masa tsatsarandi, kamar yadda C. K. Meek ya rubuta a 1934. Barebari sun raɗa wa 'ya'yan wasan sunayen sarautunsu, akwai mai, akwai ciroma, akwai kaigama. Ɗaliban zaure a ƙasar Kano kuwa sun fi sanin sunansa ta hanyar hani, domin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta bayyana cewa bai halatta a yi wasa da shi ba, ko da yake ba ta hana a yi wa masu yinsa sallama ba. Saboda haka dara ce ta zama shaɗaranjin talaka, kuma ita ma ba ta tsira daga tsangwamar malamai ba idan ta kai ga shagaltar da mutum daga salla ko aka sa kuɗi a ciki.

Muhimmancin dara ga zaman gida yana fitowa ne idan aka dubi matsayin wa da ƙane. A gidan gandu, wato inda uba da 'ya'yansa maza suke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, ƙane ba ya musu da wansa a bainar jama'a, ba ya kiran sunansa gatsal sai ya ce Yaya, kuma shi ake aika. A ƙarƙashin wannan ladabi akwai 'yan ubanci, wato gasar da take tsakanin waɗanda suka haɗa uba amma kowa da ɗakinsu, wadda sau da yawa kishin iyaye mata ne yake gangarowa kan 'ya'ya. Dara tana cikin wurare ƙalilan da ƙane zai iya kayar da wansa a gaban mutane, 'yan kallo su yi shewa, ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba, kuma wannan ne ya sa karawar 'yan gida ɗaya takan fi ta baƙi zafi, ko da yake idan aka tashi sai a ce dara ta ci gida.

Tsoffin marubuta ma sun danganta shaɗaranji da rigimar 'yan'uwa. A cikin Shahnama, littafin sarakunan Farisa da Firdausi ya kammala a 1010, an kawo labarin Gau da Talhand, 'ya'yan mace ɗaya waɗanda ubanninsu wa da ƙane ne, da suka yi yaƙi a kan sarautar Indiya har Talhand ya mutu a kan giwarsa, sai masu hikima suka ƙago wasan don a nuna wa uwar yadda aka rutsa da ɗanta ba tare da ɗan'uwansa ya sa masa hannu ba. Labarin almara ne, amma Bakano ba zai ji shi baƙo ba, domin basasar 1893 zuwa 1895 tsakanin jikokin Sarkin Kano Ibrahim Dabo aka yi ta: Tukur ɗan Sarki Bello a gefe guda, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi a ɗaya gefen, waɗanda suka fita zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu, bayan rasuwarsa kuma Alu Babba ya ja su har suka ci birni.

Dabarar da ƙane yakan fara rarumowa idan ya ga wansa ya fi shi ita ce kwaikwayo, wato duk inda wan ya sa ɗa, shi ma ya sa nasa a gidan da yake daidai da shi ta ɗaya ɓangaren, bisa tunanin cewa wanda ya yi abin da gwani ya yi ba zai faɗi ba. A matakin zubi dabarar tana tafiya, har takan harzuƙa babban, kuma dalilin yana cikin ƙirar gidajen. Tun da kowane layi gida shida ne, ana iya raba filin biyu, uku a dama uku a hagu, kowane gida yana da takwaransa, babu wani gida guda a tsakiya da mai farawa zai mamaye ya bar mai binsa ba wurin sawa. Sai dai idan mai kwaikwayon ya yi kuskuren raba filin ta ɓangaren layuka biyar, nan kam layi na uku ba shi da takwara, kuma ɗa ɗaya da aka sa a cikinsa ya isa ya ɓatar da shi.

Inda dabarar take rushewa shi ne matakin tafiya. Idan aka ci gaba da karɓa-karɓa, wanda ya fara zubi shi ne zai fara gusawa, don haka shi zai riga jera uku, kuma da yake 'ya'yan mai kwaikwayo suna zaune daidai da nasa, a wannan lokacin shi ma saura masa taki ɗaya ya jera. To amma wanda ya ci shi yake zaɓen ɗan da zai cire, kuma ba zai cire kowanne ba sai ɗaya daga cikin ukun nan da ake shirin jerawa. Gwani yakan ƙara da wani abu: tun a wurin zubi, da ya lura ana binsa sawu da ƙafa, sai ya shirya abin da ake kira doki, wato tsarin da ɗa guda yake kai da komo tsakanin gida biyu, kowane taki yana cika layin uku. Mai kwaikwayo shi ma ya gina nasa dokin ba tare da ya san amfaninsa ba, cin farko kuma a kansa yake faɗawa, daga nan sai a yi ta tsince masa 'ya'ya har su gaza uku.

A shaɗaranji hukuncin ya fi haka sauri, saboda dokar da ta ce wanda aka kai wa sarkinsa hari dole ya kare shi kafin komai, ba shi da damar ramawa da irin harin. Sam Loyd, Ba'amurken da ya yi suna wajen ƙago matsalolin wasan a ƙarni na 19, ya nuna ana gamawa da mai kwaikwayo a taki huɗu: a tura sojan da ke gaban sarauniya gida biyu, a ɗaga sarauniyar gida biyu, a kai ta ƙarshen layin ta ɓangaren sarki, mai bi yana maimaita kowanne, sannan ta ratsa a karkace ta cinye giwar da ke kusa da gurbin da sarauniyar abokin karawa ta bari, sarkinsa ya rasa mafita kuma babu mai shiga tsakani.

Duk da haka ba daidai ba ne a ɗauki kwaikwayo a matsayin wauta zalla, domin dara ba ta da littafi, ba ta da makaranta, da kallo ake koyonta, kuma yaron da ya sha kaye ta wannan hanya ya ga yadda ake gina doki da hannunsa, abin da wansa ba lalle ya zauna ya koya masa ba. Ƙanen da ya fahimci cewa dole ya saɓa kafin a kai ga cin farko, ya toshe gidan da wan yake hari maimakon ya bi shi, shi ne yake fara zama abin tsoro. An ga irin wannan a gidan Polgar na ƙasar Hangari, inda Judit, auta cikin 'yan mata uku da suka tashi suna wasan shaɗaranji da juna, ta sha gaban yayarta Susan a jerin gwanayen mata na duniya a 1989, tana da shekara 12.

Zaman dara ya ragu a kudancin Kano tun daga shekarun 1970. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina aka kammala a 1974, ta buɗe noman rani a ƙasashen da ruwanta yake kaiwa, sai watannin da a da ake hutu suka koma na shinkafa da alkama da tumatir, samari da dama kuma suna tafiya cin rani ko suna kan babur suna haya. Waɗanda suka rage a majalisa sun fi karkata ga ludo da karta da gidajen kallon ƙwallo, ces kuma yana shigowa ta makarantu da wayoyin hannu, inda yaro yake karawa da na'ura ko da wanda bai taɓa gani ba, dara mai gida 30 kuwa ta fi zama a hannun dattawa.