Ɗan ƙyallen da ke wuyan riga: tarihin alamomin wanki

Har zuwa farkon ƙarni na 20, mai wanki ba ya buƙatar a rubuta masa yadda zai wanke riga. Yawancin tufafi na auduga ne, ko ulu, ko siliki, ko lilin, kuma hannu yana gane kowanne da taɓawa. An san auduga tana jure ruwan zafi da guga mai ƙuna, ulu kuwa yana tsukewa in ya sha zafi. Ilimi ne da 'ya ke ɗauka a wurin uwa, yaro kuma a wurin maigidansa.

Masana'antar sinadarai ce ta rushe wannan gado. A 1935 aka haɗa zaren nailan a ɗakin binciken kamfanin DuPont na Amurka, a 1941 kuma masana biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, suka samar da zaren foliyesta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu waɗannan zaruruwa suka cika kasuwa, galibi a cakuɗe da auduga ko ulu, a daidai lokacin da injin wanki ke shiga gidajen Turai da Amurka. Sai ga yadi mai kama da siliki yana narkewa a ƙarƙashin dutsen guga. Mai riga ya zargi mai wanki, mai wanki ya zargi masaƙa, asara kuwa ta riga ta auku.

Rubuta gargaɗi da kalmomi bai wadatar a Turai ba, domin rigar da aka ɗinka a Italiya tana iya ƙarewa a hannun Bajamushe. Shi ya sa aka koma ga zane. A 1963 aka kafa ƙungiyar GINETEX a Paris don kula da tsarin alamomi, waɗanda yanzu guda biyar ne: bahon ruwa na nufin wanki, mai kusurwa uku na nufin bilic, murabba'i na nufin shanya, dutsen guga na nufin guga, da'ira kuma wankin ƙwararru da sinadari. Lambar da ke cikin baho ita ce iyakar zafin ruwa. Ɗigo ɗaya a jikin dutsen guga zafi kaɗan ne, na nailan da danginsa; ɗigo uku zafi ne sosai, na auduga da lilin. Alamar da aka soke da gicciye kuwa hani ce. A 1991 tsarin ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO 3758, Japan ma ta koma kansa a 2016.

Amurka ta bi ta hanyar doka. Daga 1972 Hukumar Kasuwanci ta Tarayya ta wajabta manna wa tufafi umarnin wanki wanda ba ya cirewa. Dokar ta kuma shafi yadin da ake sayar wa masu ɗinki a gida: dole a rubuta umarnin a bakin bandir.

A nan ne giɓin tsarin yake. Da zarar almakashi ya yanki yadi biyar, bayanin ya zauna a shago, yadin ya tafi ba shi. Masu ɗinka kayan 'yan wasan kwaikwayo da na fim su suka fi jin wannan a jika, domin riga ɗaya takan haɗa karammiski da shafin foliyesta da zaren ado da duwatsun da aka manna da gam, kuma za ta sha gumi ta sha wanki sau da yawa. Ƙa'idarsu ita ce a bi wa rigar da hukuncin abin da ya fi rauni a jikinta, a jiƙa yadi kafin a yanka don ya gama tsukewa, a kuma gwada ƙyalle a ruwa a ga ko yana zuba.

Haka lamarin yake ga duk mai kai shadda ko leshi wurin tela. Kayan da suka fi tsada a akwatinsa su ne marasa alamar wanki ko ɗaya. Tela shi ne mutum na ƙarshe da ya san abin da aka haɗa a rigar, don haka tambayar yadda za a wanke ta a shagonsa ya kamata a yi ta, tun kafin rigar ta isa hannun mai wanki da guga.