Daga Alƙalawa Zuwa Zauren Lugard: Tarihin Hukuma da Masu Hulɗa da Iskoki

A shekarar 2011 kamfanin BioWare na ƙasar Kanada ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Dragon Age II. A duniyar da aka ƙaga cikin wasan, duk yaron da aka gane an haife shi da baiwar sihiri sai a raba shi da iyayensa, a kai shi wani gida mai kama da kurkuku, dakarun addini su tsare shi iyakar rayuwarsa. Hujjar masu tsaron ita ce aljani na iya shiga jikin mai sihiri ya hallaka gari sukutum. Su kuwa tsararrun cewa suke yi ana hukunta su a kan laifin da ba su aikata ba. A ƙarshen wasan dole mai bugawa ya ɗauki ɓangare, kuma har yau masu wasan ba su daina musu a kan wanda ya fi gaskiya ba.

Wannan musu ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Sama da shekara 200 ke nan sarakuna da malamai da Turawan mulki da 'yan majalisa suna fama da tambaya guda: yaya hukuma za ta yi da mutumin da ya ce yana hulɗa da abin da ido ba ya gani, ko wanda aka ce yana yi? Amsar da kotunanmu suka gada an rubuta ta ne a nan Kaduna, amma asalin maganar ya girmi garin nesa ba kusa ba.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Bahaushe bai taɓa yi wa waɗannan mutane kuɗin goro ba. Akwai boka, wanda wani iyakarsa sassaƙe da saiwa da ganye, wani kuwa yakan ce iskoki ke faɗa masa magani. Akwai ɗan bori, wanda aka yi wa girka har iska ke hawansa. Akwai malamin tsibbu mai hatimi da bugun ƙasa. Sai kuma maye, wanda aka yi imani yana kama kurwar mutum. Ukun farko sana'a suke yi, suna da masu zuwa wurinsu da ƙafarsu. Maita kuwa yawanci suna ne da wasu ke laƙaba wa mutum, musamman tsohuwa marar gata ko baƙon da ba a san asalinsa ba. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Kafin jihadi, bori yana cikin fada. A Gobir akwai sarautar Inna, wadda ake naɗa wa mace daga gidan sarauta, ita ce uwar 'yan bori kuma tana da faɗa a ji a Alƙalawa. Wanda ya taɓa ganin wasan ya san tsarinsa. Ana shimfiɗa tabarma, mai garaya ya zauna, masu kaɗa buta su jeru a gefensa, a kunna turare. Kowace iska da takenta. Idan aka kaɗa wa Ɗan Galadima, sai dokinsa, wato ɗan borin da ya hau, ya tashi da ƙasaitar ɗan sarki yana rabon abin hannunsa. Malam Alhaji yakan zo a tsoho mai tari da carbi, Kuturu kuma da yatsu a dunƙule. Idan iska za ta sauka, sai a ji atishawa. Sarki bai ga dalilin hana wannan ba, abin da ya yi shi ne ya ɗora masa shugaba. Daga irin wannan tunani ne aka sami sarautu irin su Sarkin Bori da Sarkin Mayu, wanda ake kai wa ƙara idan an zargi wani da kamun kurwa. Dabarar sarakunan Haɓe ke nan: duk mai wani ƙarfi a gari a ba shi rawani, domin a san wanda za a tuhuma.

Jihadi: hani da madadi

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo da wani ma'auni daban, wato tauhidi. A cikin Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga masu kiran kansu Musulmi alhali suna yanka ga itatuwa da duwatsu, suna da'awar sanin gaibu. Bayan hijira zuwa Gudu a 1804 da faɗuwar Alƙalawa a 1808, bori ya rasa kujerarsa a fadojin da suka karɓi tuta.

Sai dai jagororin jihadi sun gane cewa hani kaɗai ba zai wadatar ba. Matar da ta rasa haihuwa, ko wadda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ba za ta bar gidan bori ba sai an nuna mata wata ƙofa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata. Alamar da take ba jaji ita ce malfa, wadda a da take cikin kayan sarautar Inna ta Gobir. Ta karɓi girman da mata suka saba gani a kan uwar bori, ta ɗora shi a kan malama.

Duk da haka bori bai mutu ba. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma can iyayen bori, Iya da Inna, suka ci gaba da riƙe muƙamansu. A cikin daular kanta, Maguzawa sun zauna da al'adunsu suna biyan jiziya, bori kuma ya koma cikin gidajen aure da gidajen magajiya a gefen gari. Idan fari ya tsananta a kori mazauna gidajen magajiyar, idan ruwa ya sauka su dawo a hankali.

Zuwan Turawa

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawan Ingila sun hana wasan bori a fili. Hanin ya yi ƙarfin da jami'insu A. J. N. Tremearne, da ya so nazarin abin, sai da ya tafi Tunis da Tarabulus wurin Hausawan da ke can, ya fitar da littafinsa a kan bori a 1914. Amma da aka ɗauki tarihin wata dattijuwa mai suna Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, sai ga ta tana ba da labarin bori a matsayin abin da mata suka saba da shi yau da gobe. Hanin ya tsaya a takarda da bakin kasuwa, bai ƙetare zaure ba.

A ƙasar Nijar Faransawa sun gwada ƙarfi. Wajen 1925, a yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana waɗanda ke kwaikwayon sojoji da jami'an Turawa, ana kiransu Babule ko Hauka. Kwamanda Croccichia ya kama mabiyan ya kulle su. Sakamakon shi ne harkar ta bazu har Gwalkwas, shi kansa kwamandan aka mayar da shi iska mai suna Kwamanda Mugu.

Turawan Ingila sun kuma shigo da wani tunani na shari'a. Tun 1735 majalisarsu ta daina ɗaukar maita a matsayin abin da kotu za ta iya tabbatarwa. Dokar da ta yi a shekarar ta hana gurfanar da mutum bisa zargin maita, ta kuma tanadi hukunci ga mai da'awar yana da irin wannan iko. Wannan tunani ya biyo su cikin dokokin laifuka da suka shimfiɗa a Nijeriya, tare da haramta tsofaffin hanyoyin gano mai laifi irin su shan gwaska, gubar da ake ɗirka wa wanda ake zargi a ce in ya yi amai ya kuɓuta, in ya mutu laifinsa ne ya ci shi.

Abin da aka rubuta a Kaduna

Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917 bayan an taso daga Zungeru. Da lokacin mulkin kai ya ƙarato, ƙananan ƙabilu suka kai koke gaban hukumar Willink cewa suna tsoron kotunan alƙalai. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kira kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A cikinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa babban alƙalin Bida. Shawararsu ita ce a yi kundin laifuka guda ga kowa, a ɗauko samfurin na Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Majalisar da ke zama a Zauren Lugard ta amince da kundin Final Kod a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960.

Kundin ya ware babi guda, daga sashe na 214 zuwa na 219, a kan gwaji irin na gwaska da maita da tsafi. Sashe na 216 shi ne zuciyar babin. Ya hukunta wanda ya nuna kansa a matsayin maye, da mai haɗa ko sayar da asiri don tilasta wa wani ko hana shi haƙƙinsa, da mai ajiye sassan jikin mutum don tsafi. A cikin jerin nan kuma ya sa wanda ya zargi wani da maita, ko ya yi barazanar zarginsa. Hukuncin ɗauri ne da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun.

Wannan babban sauyi ne. A mazhabar Malikiyya hukuncin masihirci yana kaiwa ga kisa, ga shi kuma majalisar da Musulmi suka fi yawa a cikinta ta amince kotu ta tsaya a kan abin da shaida za ta iya tabbatarwa: me mutum ya faɗa, me ya sayar, wa ya cutar. Ba ta ce babu aljanu ba, ba ta kuma halatta sihiri ba. Ta dai gane cewa alƙali ba shi da ma'aunin da zai auna kurwa.

Mumbari ya karɓi aikin

Abin da kotu ta bari, wa'azi ya ɗauka, kuma nan ma Kaduna ce cibiya. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ya shekara da shekaru yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, Rediyon Kaduna na kai muryarsa ƙauyukan da ɗan doka bai taɓa takawa ba. Ya yaƙi bori da tsibbu da duba ba tare da sassauci ba, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta ɗora a kai. Hadisin da ke cewa mai zuwa wurin ɗan duba ba a karɓar sallarsa ta kwana 40 ya shiga bakin yara da manya. Abin da wa'azin nan ya rage wa bori ya fi abin da dokar Bature ta rage masa, domin zuciyar masu zuwa ya canza.

Buƙatar dai ba ta gushe ba, hanya ta sake. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata suka riƙa faɗuwa a makarantun Kano ana cewa aljana Sumbuka ce, malaman ruƙiyya aka kira. Daga nan shagunan magungunan Musulunci suka yawaita, da habbatus sauda da man zaitun a kan kanta. Bayan dawo da shari'a daga Zamfara a 1999, taron bori a bainar jama'a ya ƙara ja da baya a jihohi irin su Kano. Bokan ganye kuma ya zama mai maganin gargajiya, yana da ƙungiya da katin shaida, yana neman lambar hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993. A finafinan Hausa kuwa boka ya koma mai jan ƙyalle a kogon dutse, wanda ƙarshensa ba ya kyau.

Wanda aka manta

A duk wannan tafiya, mutum ɗaya ne halinsa bai sauya ba: wanda ake zargi. Yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro, jiki ya yi zafi har ya fara sambatu, ya ambaci sunan tsohuwar da ke maƙwabtaka. Kafin a jima unguwa ta cika ƙofar ɗakinta. A fito da ita, a ce ta tsallaka shi, ta kuskure baki a ba shi ya sha. In yaron ya tashi an tabbatar ita ce, in ya cika an tabbatar ta cinye shi. Ko ta tsira da ranta, jikokinta mata sun rasa manema, domin an ce maita gado ce. Shi kuwa yaron, lokacin da ya kamata a ce yana asibiti ya ƙare a wurin tsallake.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, duk hukumar da ta farauci mutane saboda sunan da ake kiransu da shi ba ta kawar da komai ba, ɓoye shi kawai ta yi. Abin da ya yi tasiri abu biyu ne: ilimi mai zuwa da madadi, irin na Nana Asma'u, da doka mai bin aikin da aka aikata. Bokan da ya damfari mace kuɗinta, ko ya keta mata mutunci da sunan cire aljani, ko ya nemi sassan jikin mutum, mai laifi ne da ya cancanci hukunci mai tsanani, kuma ana iya kafa masa shaida. Mai zuwa wurinsa yana buƙatar malamin da zai gyara masa aƙida da asibitin da zai iya biya. Tsohuwar da aka nuna da yatsa kuwa tana buƙatar mai unguwa da limami da ɗan sanda su san cewa zarginta laifi ne tun 1960, kuma a Musulunci ƙazafi ne da ba shi da hujja. Ya kamata a ji wannan a huɗubar Juma'a da gidajen rediyo, da Hausar da kowa zai gane, kuma duk wanda ya tara jama'a a ƙofar wata baiwar Allah da sunan maita a gurfanar da shi gaban alƙali.