Daga Fijo zuwa Lexus: Abin da Makanikan Ƙasar Kazaure Suka Gani

Lokacin da aka kai ni koyon kanikanci a Kazaure, farkon shekarun 1980, motocin da ke shiga Gwiwa ana iya ƙirga su da yatsu, kuma kusan dukkansu Fijo ne. Akwai akori-kura 404 mai kwasar 'yan kasuwa da buhunan gero, akwai 504 ta manyan ma'aikata, sai Landiroba ta malaman gona jefi-jefi. A wancan lokacin muna cikin Jihar Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa.

Yawan Fijo yana da dalili. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kaduna. Bayan an kashe Janar Murtala a cikin Marsandinsa ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, ta ce Fijo ce motar jami'an gwamnati. Sai ya zama injin da ke gaban motar kwamishina shi ne a gaban tasin da ke lodi a tasha. Wannan ya sauƙaƙa wa kowa. Kayan gyara suna ko'ina, da naira ake sayensu, nairar kuma a lokacin ta fi dala daraja. Maigidanmu kan ɗora sukundireba a jikin injin ya kara kunne, ya gaya maka ko bawul ne ko biyarin. Kafireto, kontak, filogi huɗu, kulochi, birki: wanda ya iya waɗannan ya iya mota.

Marsandi kuwa sai gidan sarauta da manyan attajiran Kano, waɗanda suka saye ta sabuwa dal. Ƙirar 200 da 230 ta wancan zamani ƙarfe ce zalla, ba ta da wata ƙwaƙwalwa, kuma duk wanda ya iya Fijo zai iya lallaɓa ta. Daga nan maganar nan ta samo asali, cewa Marsandi ba ta mutuwa. Gaskiya ce a kan waɗancan motoci. Abin da ke damuna shi ne har yau da wannan tsohon suna ake sayar wa mutane motocin da tambari kawai suka haɗa da su.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tattalin arziki na SAP, aka karya darajar naira. Cikin 'yan shekaru sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, har ta fi ƙarfin ɗan kasuwa matsakaici. Sai ƙofar tsofaffin motocin Turai ta buɗe. Ana tara su a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels, a loda su a jirgin ruwa a Antwerp, a sauke a Kwatano. Shi ya sa har gobe muke cewa mota 'yar Kwatano, kayan gyara kuma na Beljiyam, ko da daga Amurka ko Japan suka fito. Daga Kwatano direbobi kan jero su zuwa Malanville, su tsallaka Gaya, su bi Dosso da Ƙonni zuwa Maraɗi, sannan su shigo ta Jibiya ko Kongolam ko Maigatari, wasu da takardun kwastan, wasu ta daji da dare. Waɗanda suka biyo ta Kongolam da Daura dole su ratsa Kazaure kafin Kano, don haka garejinmu na bakin titi na cikin wuraren farko da ake buɗe musu bonet bayan doguwar tafiya. Mun ga motocin nan tun kafin dillalai su wanke su, su shafa musu mai.

Shekarun 1990 su ne zamanin Marsandi ƙirar Bi-but da 190. Bi-but, wadda Jamusawa suka fara ƙerawa a tsakiyar shekarun 1980, a wurina ita ce babbar mota mafi amana da ta taɓa shigowa ƙasar nan a matsayin ta hannu. Shugaban makaranta ya yi ritaya ya sayi 190, ɗan kasuwar shanu ya sayi Bi-but, suka yi shekara goma sha suna hawa har Korayel da Buntusu. Amma a kanta ne sana'armu ta fara nuna gazawa. Motar ta zo da injekta, manyanmu ba su san shi ba, ba su da ma'aunin ƙarfin mai. Da ta fara gardama sai a cire shi a ɗora mata kafireto. A wannan zamanin ne wasu ɗabi'u suka kafu: a cire tamostat wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, a cika lagireto da ruwan rijiya, a zuba baƙin mai mai kauri ga kowace mota. Tsofaffin injina sun jure, shi ya sa aka ɗauka dabara ce. Motocin da suka biyo baya ba su jure ba.

Canjin ya zo a hankali, sannan ya zo gaba ɗaya. Marsandin da aka ƙera daga wajen 1992 zuwa 1996 ta zo da wayoyin injin da robarsu ke ruɓewa, a zafin Afrilu irin namu sai ta riƙa zubewa kamar gari. Daga 1996 duk motar da za a sayar a Amurka sai da kafar da ake jona na'urar bincike. A 1998 babbar S-Class ta fito da shokozoba ta iska, mai famfo da jakunkuna da bawuloli, wadda in ta huce za ka tarar da mota ta durƙusa da safe. A 2002 E-Class ta zo da birkin lantarki da ake kira SBC, wanda kamfanin da kansa ya janye motoci sama da miliyan ɗaya saboda shi a 2005, ya kuma cire shi daga wannan ƙirar a 2006. A can, mai mota ya je an gyara masa kyauta. Da motocin suka tsufa suka iso nan, mai mota ne ke biya.

A wannan tsakanin ne kasuwa ta karkata zuwa Amurka, inda kamfanonin gwanjo irin su Copart da IAA ke sayar da motocin da inshora ta riga ta biya diyyarsu. Da yawa masu haɗari ne, a gyara musu jiki a Legas ko Kwatano, a yi fenti. Waɗannan da sauƙi, domin ido na iya gane su. Masu wahalar su ne waɗanda ambaliya ta shanye, irin na bayan guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey a 2017. Jikinsu lafiya lau, kujeru na ƙyalli, amma ruwa ya kwana a cikin soket da ƙwaƙwalwa. Sai bayan wata shida su fara: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi canjawa, jibi mota ta ƙi tashi. Ga kuma mayar da mita baya, wanda ya zama ruwan dare. Shi ya sa nake ɗaga kafet in duba tsatsa a ƙarƙashin kujera, in kuma dubi yadda sitiyari da fedar birki suka cinye, kafin in kalli lambar da ke kan mita.

Ga lissafin da na daɗe ina yi wa masu saye, wasu su ji, wasu su ɗauka baƙin ciki nake yi. Kuɗin sayen babbar mota yana faɗuwa da shekaru, amma kuɗin riƙe ta yana nan inda masu ƙera ta suka ajiye shi, daidai aljihun wanda ya saye ta sabuwa. Ɗauki Marsandi mai silinda shida ta farkon shekarun 2000, irin su E320 da ML320. Filogi 12 take ci, biyu a kowace silinda, kuma ba irin na Fijo ba. Juye ɗaya lita takwas ne na baƙin mai na musamman, wanda samun na gaske ma aiki ne. Giyarta tana da nata man, in aka zuba wani daban sai ta fara fizga. Makulli in ya ɓata, maƙeri ba ya yanka shi, sai an haɗa da kwamfuta. Tayoyin sirara ne, ramin da Golf za ta faɗa ta wuce sai ya lanƙwasa mata rim. BMW kuma robobi ne suka yi mata yawa a hanyar ruwa, zafi na busar da su, rana ɗaya su fashe, kafin direba ya ankara gasket ya ƙone. Range Rover ta haɗa shokozobar iska da matsalar ruwa da ta lantarki wuri ɗaya.

Sannan akwai kuɗin da mutumin Kano ba ya biya amma mutumin Gwiwa yana biya, wato nisa. Golf ko Sharon in ta lalace a Dabi, yaro zai hau babur ya samo kayan a Kazaure, kafin la'asar ta tashi. Babbar mota in ta tsaya, ba a jan mai giyar otomatik da igiya tafiya mai nisa, sai an kira motar ɗauka daga Kano. Daga Kazaure kaɗai kusan kilomita 80 ne. A kai ta Ƙofar Ruwa, a nemi mai na'ura, a nemi kayan. In babu sai an aika Ladipo a Legas, in can ma babu sai Dubai. Mai mota na zirga-zirga a motar haya, ga abincin yara, ga kwanaki. Sau da yawa abin da ya lalace ƙaramin sensa ne, amma kuɗin isa gare shi ya ninka kuɗinsa.

Wani dattijo mai mutunci ya taɓa zuwa mini da murna, ya samu Range Rover a farashin tsohuwar Camry. Na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, wanda ya sayar maka ya san abin da ya gudo wa. In kana da rabin kuɗinta a ajiye don gyara, kuma kana da wata motar da za ka hau ranar da ta kwanta, bismilla." Ya ce, "Malam, ai mutum da girmansa." Na fahimce shi sarai. A ƙasarmu motar da mutum ya je ɗaurin aure ko gaisuwar Sallah da ita tana magana a madadinsa, kuma ban ga laifin mai son a gan shi da kyau ba. Sai dai araha ba ta ado.

Lexus ce ta zo ta raba gardama, kuma ba don ba ta da aibi ba. RX300 an san ta da daskarewar baƙin mai in aka yi jinkirin juye, da kuma mutuwar giya. ES350 ta wajen 2007 dashbod ɗinta na narkewa ya yi danƙo a rana. Amma a ƙarƙashin fatar kujera da katakon ado, Toyota ce. Injin ES350 shi ne na Camry mai silinda shida, na RX300 shi ne na Sienna da Highlander na zamaninta. Kayan suna da yawa, makanikai sun saba da su. Duk mazaunin Gwiwa ko Roni ko Babura da ya nace sai babbar mota, can nake nuna masa, in kuma ce ya ɗauki mai tsayi daga ƙasa saboda yashi da duwatsun hanyoyin ƙauyukanmu da damina.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara matse lissafin. Tsarin motoci na 2013 ya kai harajin shigo da mota kashi 70 cikin ɗari. Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, abin da ya karya tsohuwar hanyar Maraɗi, sannan aka rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A Fabrairun 2022 gurɓataccen fetur mai yawan methanol ya shigo ƙasa, motoci masu injekta na zamani suka fi jin jiki. Sai 2023, aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a watan Yuni. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Kayan Marsandi da BMW da dala ake shigo da su, don haka suka bi ta. Abin da ya biyo baya muna ganinsa kullum. Mai mota ya ɗaga juye daga wata uku zuwa wata takwas. A cire shokozobar iska a sa sifirin. A yanke abin tace hayaƙi na salansa, wanda muke kira indomi, a sayar, mota ta dawo tana shan mai fiye da da. Wasu sun haƙura sun jingine motocin a gindin darbejiya, ana sayar da su gunduwa-gunduwa.

A ɓangarenmu kuwa, sana'ar ta koma hannun wasu irin yara. Suna zuwa da na'urar bincike da waya, suna kallon yadda ake kwance giya a YouTube, wasunsu sun karanta lantarki a kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, sun iya karanta taswirar wayoyi, abin da mu ba a koya mana ba. Ina jin daɗin ganinsu ƙwarai. Abin da nake yawan jan hankalinsu a kai shi ne na'ura tana nuna inda mota ke kuka ne, dalilin kuwa sai an bi da hannu. Ta ce sensa, a canja sensa uku, alhali ɓera ne ya ci waya, kuma kowane sensa kuɗin buhun hatsin wani ne. Inda aka haɗa yaro mai na'ura da dattijo mai kunne a rumfa ɗaya, nan ne kawai na ga ana gyara babbar mota sau ɗaya ta tafi.

Yanzu kuma tsadar fetur ta sa dillalai sun fara tallata Lexus masu haɗin batir da injin, irin su RX400h da RX450h. Ba sa shan mai sosai, amma yawancin waɗanda ke iso mana batirinsu ya haura shekara goma, kuma zafi da ƙurar hunturu na toshe fankar da ke sanyaya shi. Batirin RX400h volt 288 ne, yana iya kashe mutum nan take. A garejina na kafa doka: duk wayar da aka rufe da roba mai ruwan lemo, ba yaron da zai taɓa ta sai an zare filogin tsaro, an jira, an auna, kuma da safar hannu ta lantarki. Safar ma sai daga Kano na sa aka sayo mana.