Jan fentin da ke kan birkin motocinmu: daga ina ya fito?

1/ Zare 🧵 In ka zauna bakin titin Kano zuwa Daura a cikin Kazaure da yamma, ba za ka daɗe ba sai Corolla ko Honda ta wuce, rim na ƙyalli, kana hango wani jan abu ta tsakaninsa. Kalifar birki ce aka shafa wa fenti, galibi a ƙofar gida. Wasu har durom ɗin baya suke shafawa. Wannan jan yana da tarihi, kuma asalinsa ba ado ba ne kawai.

2/ Ga waɗanda ba su taɓa leƙa ƙasan mota ba: birki iri biyu ne. Akwai na durom, wani ƙarfe mai kamar tukunya da ke juyawa tare da taya, takalman birki na cikinsa suna buɗewa su goge shi. Akwai na dis, faranti ne a fili, kalifa ta kama shi ta matse kamar yadda za ka matse faifai da yatsu biyu.

3/ Abin mamaki, kusan sa'annin juna ne. A 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da birkin durom irin wanda muka gada. A wannan shekarar dai Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin dis a Birmingham ta Ingila. Amma na Lanchester bai karɓu ba. Da jan ƙarfe ya yi abin matsewar, ga ƙara mai cika kunne, ga saurin cinyewa a titunan lokacin masu ƙura.

4/ Ku riƙe maganar ƙurar nan. Durom a rufe yake, ƙasa da taɓo ba sa shiga da sauƙi, yana da arha, kuma haɗa masa birkin hannu ba wuya. Shi ya sa ya yi mulki kusan shekara 50 ba abokin takara.

5/ Rauninsa ɗaya ne, amma babba: zafi. Aikin birki shi ne ya mayar da gudun mota ya zama zafi. Tukunyar da take rufe kuwa ba ta huce da wuri. In aka yi ta taka birki a gangare da kaya, durom ya yi zafi ya buɗe, takalman su daina kamawa sosai. Direba na takawa, mota na tafiyarta.

6/ Masu tsere ne suka fara gajiya da wannan. A 1953 Jaguar ta shiga tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da motarta C-Type ɗauke da birkin dis da suka haɗa da kamfanin Dunlop, ta kuma lashe. Direbobinta na iya jinkirta taka birki har su kusa kwana, alhali abokan takara sun daɗe da rage gudu. A 1955 Citroën DS ta kawo dis cikin motar da kowa zai iya saye a kasuwa.

7/ To mu dawo gida. Motar da ta raini iyayenmu ita ce Fijo 504. An fito da ita a Faransa a 1968, kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motocin Fijo a 1975. Wagon ɗinta, wadda ta yi shekaru tana jigila tsakanin garuruwan Arewa, dis ne a gaba, durom a baya.

8/ Tambaya: me ya sa a zamanin Fijo ba a san da shafa wa birki fenti ba? Ba don mutanenmu ba sa son ado a mota ba. Ku tuna manyan motocin katako, yadda ake zana musu zaki da furanni da dawisu, a rubuta addu'a ko karin magana a goshi da baya. Direba na kashe kuɗi sosai a kan wannan.

9/ Amsar tana jikin rim. Rim ɗin da na ƙarfe ne, kusan a toshe, a kuma rufe shi da murfi. Birki na can ciki ba mai ganinsa sai bakanike. Wa zai yi wa ɗakin da ba a shiga kwalliya? Sai da rim ɗin alminiyom mai manyan tagogi ya yawaita sannan kalifa ta fito fili, da tsatsarta da komai.

10/ Kamfanonin Turai sun ga wannan tagar, suka mayar da ita allon talla. Brembo, kamfanin Italiya da aka kafa a 1961 kusa da Bergamo, wanda ya fara yi wa motocin tseren Ferrari birki a 1975, yana cikin waɗanda suka yaɗa kalifa mai launi a farkon shekarun 1990.

11/ Porsche kuwa har harshe ta mayar da shi. A wajensu baƙar kalifa ta ƙaramin samfuri ce. Ja na nufin samfurin da aka ƙara wa ƙarfi, da birki babba daidai da shi. Ruwan ɗorawa na nufin farantin ba na ƙarfe ba ne, na wani haɗin siramik ne mai tsananin tsada, irin wanda suka sa wa 911 GT2 a 2001. Kore shar kuma na masu haɗa fetur da lantarki.

12/ Wato launin kamar tambarin buhu ne, yana gaya maka abin da ke ciki. Wanda ya sani, da ya hango ja, ya san nawa aka kashe a birkin nan.

13/ Ta yaya ya iso Babura da Kazaure? Ta hanyar gwanjo. Bayan tsarin SAP na gwamnatin Babangida a 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai 'yan Kwatano suka cika ƙasa, da yawa suna bi ta Nijar su shigo ta iyakokin Arewa, har gwamnati ta hana shigo da mota ta kan tudu daga Janairun 2017. Da su rim mai tagogi ya zama na kowa.

14/ Sauran aikin, a ganina, allo ne ya yi shi: fim ɗin The Fast and the Furious na 2001, wasan Need for Speed a gidajen gem, daga baya Instagram da TikTok. Mun ga launin kafin mu san ma'anarsa. Gwangwanin fenti kuma ya fi sabon birki arha nesa ba kusa ba.

15/ Ni dai ban ga laifin mai son motarsa ta yi kyau ba, fenti mai kyau ma yana kare ƙarfe daga tsatsa. Amma jan durom kam yana ba ni dariya. Durom shi ne birkin da kamfani ke sawa a baya don rage kuɗi. Ka shafa masa ja, ka yi shelar abin da ya kamata ya ɓuya. Baƙi ya fi masa.

16/ Inda ba dariya shi ne yadda ake aikin. Na ga inda aka fesa fenti taya kawai aka cire, ba a rufe komai ba, faranti ya sha, fad ya sha. Duk fentin da ya hau inda ƙarfe ke goguwa da fad ya rage kamun birki. Haka fuskar durom da rim ke zama a kai: fenti mai kauri a nan na iya sa notuna su saki daga baya.

17/ Na biyu, wanki da fetur. Robobin da ke cikin kalifa an yi su ne don man birki, fetur da gas da bakin mai suna kumbura su. Robar ta lalace, fistin ya maƙale ko mai ya fara yoyo. Shi kansa man birki kuma yana cin fenti, ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata aikin yini.

18/ Na uku, fentin ƙofa ko na jikin mota ba zai jure ba. A tuƙin yau da kullum ma faranti na iya kaiwa digiri 200, in an matsa masa ya ninka. Akwai fentin da aka yi don zafi, an rubuta a jikin gwangwanin. Su kuwa murafan roba masu tambarin Brembo na bogi da ake mannawa kan kalifa, iskar da ke sanyaya ta suke tarewa, wani lokaci su fice a kan hanya.

19/ Ku auna wannan da irin aikin da motocinmu ke yi. Golf ko Sharon ta ɗebo mutane da buhuna ranar kasuwa, ta biyo burjin ƙauyukan Roni ko Gwiwa cikin zafin Afrilu. In man birkinta ya tsufa ya sha ruwa, DOT 3 da sabonsa ke jure digiri 205 na iya tafasa a wajen 140. Da ya tafasa, feda ta tafi ƙasa ba komai.

20/ Akwai wani gado na tarihin nan da ba a cika faɗa ba. Kamfanin Ferodo da Herbert Frood ya kafa a Ingila a 1897 ya yi suna da takalman birki masu asbestos, kuma haka duniya ta yi ta amfani da shi shekaru da dama saboda jure zafi. Ƙurarsa na jawo cutar huhu da kansa, sau da yawa sai bayan shekara 20 ko fiye take bayyana. Tarayyar Turai ta haramta shi baki ɗaya a 2005, amma har yau akwai ƙasashen da ke sarrafa shi.

21/ Don haka in ka buɗe durom ka tarar da baƙar ƙurar nan, kar ka hura ta da baki ko da iskar mai faci. Jiƙa ta, ka goge da tsumma, ka rufe hanci, yara su matsa.

22/ Sannan a kankare tsatsa da burushin waya da samfefa, a rufe faranti da robobi da tiyon mai da takarda da salatif, a shafa siriri sau biyu ko uku, a bar shi ya kwana ya bushe. Kar a shiga ƙasan motar da jek kaɗai ke riƙe da ita. In an mayar da taya, a taka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin a fita titi.