Shari'ar Dover: Ranar da Ɗan Katolika Ya Kare Darwin a Kotu

 Yau Amurka za mu leƙa, wani ƙaramin gari mai suna Dover a jihar Pensilbaniya.

A ƙarshen 2004, hukumar makarantun garin ta ba da umarni a riƙa karanta wa ɗalibai wata sanarwa a darasin ilimin halittu. Wai ka'idar juyin halitta ta Darwin tana da giɓi, kuma akwai wani bayanin: halittu sun cika sarƙaƙiya, sai dai wani mai hikima ne ya tsara su kai tsaye. Iyaye 11 suka garzaya kotun tarayya. Hujjarsu ita ce tsarin mulkin Amurka ya hana makarantar gwamnati tallata addini, kuma tun 1987 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Luwiziyana da ta tilasta koyar da labarin halitta na addini da sunan kimiyya.

Za ku zaci shaidansu na farko wani ne da bai yarda da Allah ba. Ina! Kenneth Miller ne, farfesan ilimin halittu a Jami'ar Brown, ɗan Katolika mai zuwa coci. Babban shaidan ɗaya ɓangaren, Michael Behe, shi ma ɗan Katolika ne. Kun ga kenan rikicin na cikin gida ne.

Ga ɗaya daga cikin hujjojin Miller. Kuromosom su ne ƙunshin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta. Manyan birai irin su goggon biri suna da tagwaye 24, mutum yana da 23. In da gaske kakanninsu ɗaya, ina guda ya shiga? Da aka bincika, sai aka tarar kuromosom na 2 na mutum guda biyu ne suka haɗe, har da alamar mahaɗar a tsakiyarsa. Ya ce haka kimiyya take, ta yi hasashen da za a iya ƙaryatawa, sannan a je a duba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilinsa na addini. A ganinsa, duk wanda ya kafa imaninsa a kan abin da kimiyya ba ta gano ba tukuna, to kullum aka gano sabon abu imanin nasa zai ragu.

Ranar 20 ga Disamba, 2005, Alƙali John Jones, wanda Shugaba Bush ya naɗa, ya yanke hukunci mai shafi 139: wannan bayani ba kimiyya ba ne, koyar da shi ya saɓa wa tsarin mulki. Tun a Nuwamba kuwa mutanen garin sun kayar da 'yan hukumar takwas a zaɓe.

Me ya sa na kawo wannan? Ina sakandare, malaminmu ya tsallake babin nan baki ɗaya, ya ce mu haddace don jarrabawa kawai. Sai a jami'a na ji hujjojin daga bakin masu yi wa addini ba'a, kuma wallahi ba ni da amsa. Ban ce dole ku yarda da Miller ba, malamanmu na da tasu maganar. Amma ƙannenmu su san abin da ka'idar ta faɗa kafin su karɓa ko su ƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.