Shayi a Kaduna

Shayi abin sha ne da ake dafawa da busasshen ganyen wani tsiro ɗan asalin ƙasar Sin. A Kaduna, daga Kawo zuwa Unguwar Sarki da Tudun Wada, teburin mai shayi kan cika bayan asuba da magariba. Ana tafasa ruwa da citta da kanumfari, a sa madara da sukari, a riƙa sheƙa shi tsakanin kofi biyu har ya yi kumfa, a sha da burodi da soyayyen ƙwai. Nan ake jin labarin gari.

A Nijeriya ana noman ganyen shayi a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba.