Daga Zaure Zuwa Get: Masu Sayen Gida a Bayan Katanga a Kumasi

Da yawa daga cikin manyan ƙofofin ƙarfen da ke bakin unguwannin masu hali a Kumasi, a Suame Magazin aka yanka ƙarfensu, aka yi musu walda, aka fesa musu fenti. A can na koyi aikin walda ina saurayi, kafin in koma dillancin filaye da gidaje, sana'ar da nake ci da ita har yau. Sana'o'in biyu sun nuna mini fuska biyu ta mutum ɗaya: mai walda yana ganin abin da mai kuɗi ke tsoro, dillali kuma yana ganin abin da yake buri. Mutanenmu na zango sukan ce masu shiga waɗannan unguwanni, da ake kira istet, girman kai ne ya kai su. Akwai masu girman kan, ba na musu. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kowane rukunin masu saye da na sani, akwai takamaiman abin da ya koro shi.

Sai an san yadda arziki yake a zango tun asali kafin a gane girman canjin. Kakanninmu goro ne ya kawo su ƙasar Tonawa. Kasuwar Salaga a Gwanja ita ce matattarar fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato, har yaƙin basasa na 1892 ya watsa ta. Da Turawan Ingila suka shiga Kumasi a 1896, suka kuma murƙushe boren Yaa Asantewaa a 1900, sai hanya ta buɗe, Hausawa suka riƙa sauka cikin garin da yawa. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, ciniki ya ƙara bunƙasa. Babban mutum a wancan zamani shi ne maigida: mai saukar da fatake, mai ajiye musu kaya, mai tsaya musu a ciniki ya karɓi la'ada. Gidansa ɗakuna ne jere kewaye da tsakar gida, ga zaure a gaba, ga masallaci a gefe. Ana auna nauyinsa da yawan takalman da ke ƙofar zaurensa da yawan kwanukan da ake fitarwa bayan magariba. Maigidan da ya rufe ƙofa ya kashe sana'arsa da hannunsa, domin baƙo shi ne jarinsa.

Zama a keɓe Turawa ne suka zo da shi. Sun gina wa kansu gidaje a kan tudun Ridge, suka bar fili tsakaninsu da gari da hujjar gudun zazzaɓin sauro, kamar dai yadda suka yi a Nasarawa ta Kano. Mu kuwa, bayan annobar da ta auka wa Kumasi a 1924, aka rushe wani sashe na tsohon zango, aka gina Sabon Zango. Asawase ta biyo baya a shekarun 1940. Da Gana ta sami 'yancin kai a 1957, manyan ma'aikatan gwamnati suka gaji gidajen Turawa a Ridge da Danyame, attajiran koko da katako suka bazu Nhyiaeso da Ahodwo, hukumar gidaje ta ƙasa kuma ta yi wa matsakaitan ma'aikata unguwanni irin su Suntreso da Kwadaso da Patasi. Duk da haka babu unguwar da aka datse hanyarta da maigadi. Shingen furanni ne ke raba gida da titi, mai tallan koko da ƙosai tana iya shiga har bakin kicin.

Mutanen zango ba su cika shiga wannan sahu ba, kuma da dalili. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙin da ba su da takardun zama. Iyalai da yawa suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance suka kama hanyar Najeriya da Nijar. Waɗanda suka rage sun daɗe suna ɗari-ɗarin binne dukiya a ƙasa. Sun fi yarda da shanu da motocin haya da kayan da za a iya ɗauka.

Katanga ta fara tashi ne a shekarun wahala. Daga ƙarshen shekarun 1970 tattalin arziki ya durƙushe, sojoji suka karɓe kadarorin wasu attajirai, mai abu ya koyi ɓoye abinsa. A 1983 fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar kusan mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya. Magazin, wadda ta faro tun shekarun 1930 a kusa da tsohon rumbun makaman Turawa kafin a mai da ita Suame a 1962, ita ta riƙe ƙasar a lokacin, domin babu kuɗin shigo da sababbin motoci, sai dai a raya tsofaffi. A ƙarƙashin rumfunanta muka ga yadda odar masu gida ke sauyawa. Da farko ƙarfen taga kawai ake nema. Sai aka koma ƙofar ƙarfe mai ganye biyu, da fasassun kwalabe a kan katanga. Daga nan aka zo mashi-mashin ƙarfe da waya mai reza. Ina tuna wani mastanmu yana auna wata ƙofa da tef, mai gida na tsaye a kansa yana cewa, "Masta, ƙara mata tsawo, kada na waje ya ga rufin motata." Masta ya ƙara falle guda, ya rufe ramukan ado da aka saba bari don iska. Yau ƙofar kan gudu a kan dogo da rimot, ga wayar lantarki a sama, ga kyamara a kusurwa.

Daga katange gida ɗaya zuwa katange unguwa guda, kamfanoni ne suka yi tsallen. Bayan gwamnatin Rawlings ta buɗe kasuwa daga 1983, aka kafa ƙungiyar masu gina gidajen sayarwa, GREDA, a 1988, sannan kamfanin ba da lamunin gida na Home Finance a 1990. Akra ce ta fara: Regimanuel Gray, wanda aka kafa a 1991, ya gina rukunin gidaje a gabashin filin jirgi, Trasacco Valley kuma ta zama sunan da ake buga misali da shi in ana maganar tsada. Kumasi ta makara, domin Batone yana son ya sayi filinsa ya gina da kansa, ko da zai shekara goma yana ɗora bulo. Sai a 'yan shekarun nan irin waɗannan unguwanni suka yawaita a gefen gari, musamman ta hanyar Ejisu da Santasi da Kenyase.

Rukuni na farko na masu saye, kuma mafi girma a idona, su ne 'yan waje, waɗanda Kumasi ke kira boga: mazauna Jamus da Holan da Italiya da Ingila da Amurka. Labarinsu kusan ɗaya ne. Wani ɗan unguwarmu ya yi shekaru yana aikin dare a Turai, yana aiko wa ɗan'uwansa kuɗin gini, ana tura masa hotuna. Ranar da ya sauka na raka shi filin. Harsashi muka tarar, ciyawa ta kai gwiwa, rodi ya yi tsatsa, hotunan kuwa na gidan wani ne. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mini, "Yaya, in na kai ƙara, uwarmu ɗaya, da wane ido zan dube ta?" Bayan shekara biyu ya sayi gida a istet. Abin da ya biya wa kuɗi shi ne mabuɗi a hannu ba tare da ya sake gwada amanar jininsa ba. Dokar zama ɗan ƙasa biyu ta 2000 ta ƙara wa irinsu ƙwarin gwiwa, shirin Shekarar Dawowa na 2019 kuma ya jawo har baƙaƙen fatar Amurka.

Rukuni na biyu su ne waɗanda rikicin fili ya taɓa ƙonawa. Yawancin ƙasar Kumasi ta sarauta ce. Tsarin mulkin 1992 ya hana sayar da ita har abada: haya ce, yawanci ta shekara 99 ga ɗan ƙasa, baƙo kuma ba ya wuce 50. Sai ka karɓi takarda daga sarkin yankin, ka kai ofishin filaye na Asantehene, babban sarkin Tonawa, a Manhyia, sannan Hukumar Filaye. A wannan doguwar hanya ake sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, ko sabon sarki ya ƙi amincewa da abin da magabacinsa ya sa wa hannu. A Akra abin ya kai ga hayar 'yan daban fili, har sai da Dokar Filaye ta 2020 ta tanadar musu ɗauri. Wanda ya taɓa yin jelen kotu a kan fuloti guda, in ka ce masa kamfani ya gama da sarki da hukuma, ba ya dogon ciniki.

Na uku ma'aikata ne: likitocin asibitin Komfo Anokye, malaman jami'ar KNUST, manyan ma'aikatan banki da kamfanonin waya. Su kan zo da loya, su karanta kowane layi, su tambayi makarantar yara da nisan wurin aiki. Ƙarancin wutar da aka sha tsakanin 2012 da 2016, wanda ake kira dumso, ya tura da yawansu neman inda akwai janareta da rijiyar burtsatse da motar shara mai zuwa a kan lokaci. Kuɗin hidima na wata-wata da suke biya haraji ne na biyu, a kan abin da harajin farko ya kamata ya yi musu.

Na huɗu 'yan kasuwa ne: dilolin kayan mota na Magazin, masu shaguna a Adum da Kejetia, Hajiyoyi masu zuwa Dubai da Sin, da masu harkar zinariya. Da yawansu ba za su kwana a gidan ba ko sau ɗaya. Asusu ne. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, sidi ya zube, masu takardun bashin gwamnati suka ji a jikinsu. Gidan istet da dala ake yi masa kuɗi, duk da Babban Bankin Gana yana hanawa, kuma ana iya ba da shi haya ga ma'aikatan kamfanonin haƙar ma'adinai da baƙi. Ga mata akwai ƙarin dalili: gida mai takarda da sunanta, wanda dangin miji ba za su shigo da shi cikin rabon gado ba. A cikin wannan rukuni ne kuma masu kuɗin da ba a son a tambayi asalinsu ke fakewa, shi ya sa dokar dillancin gidaje ta 2020 ta ce a biya ta banki, ba a jaka ba. Dillalin kirki ya kamata ya yi maraba da wannan.

Sai namu, attajiran zango, waɗanda lamarinsu ya fi taɓa ni. Dalilansu na gaskiya ne. Gidan gado a Aboabo ko Alabar ko Akwatia Line yakan tara magada masu yawa, ba ya sayuwa, ba ya gyaruwa. Kwata ta toshe, damina ta kawo ambaliya, babu inda za a ajiye mota, yara ba su da wurin karatu. Wanda Allah Ya buɗa wa ba laifi ba ne ya nemi sarari. Amma ina gaya wa kowane Alhaji ya karanta dokokin unguwar kafin ya biya. Wasu wuraren ba a kafa rumfar suna ko ta biki a titi, ba a ɗaure rago a ƙofar gida, ba a ƙara ɗaki ba da izini ba, ba a sa lasifikar kiran salla. Baƙo kuma sai maigadi ya buga waya an ce ya shigo. Tsohuwar da ta saba zuwa gaisuwa ta koma da ɗan kuɗin cefane ba za ta tsaya a get ana tambayar sunanta sau biyu ba.

Na san wani dilan kayan mota da ya tare a irin wannan gida. Kullum in ya rufe shago a Magazin, tsohuwar unguwa yake wucewa, ya yi magariba da isha'i a masallacin mahaifinsa, ya zauna a benci ana kawo masa ƙorafi da katin biki, sai dare ya raba ya tafi. Na ce masa, "Alhaji, to ina amfanin gidan?" Ya ce, "Can nake barci, nan nake zama." Shi ya riƙe igiyar. Abin tsoron yana kan 'ya'yansa, waɗanda Hausarsu ke raguwa, ba su san makarantar allo ta unguwa ba, ba su san wanda za su durƙusa wa ba. Ranar da ta Allah ta kasance, zango za a kawo gawa, mutanen zango ne za su sallace ta su raka ta maƙabartar Tafo.

Abin da na gano a wannan sana'a shi ne, marmara da wurin ninkaya ba su ne ke sayar da gidan istet ba. Takarda mai inganci ce, da wuta da ruwa da tsabta da barci ba fargaba. Waɗannan kuwa haƙƙin kowane mazaunin gari ne, kuma a ƙasar da hukuma ke cewa ana da giɓin gidaje kusan miliyan 1.8, kaɗan ne za su iya saye su a bayan katanga. Don haka kirana ga masu halinmu: ku sayi gidanku lafiya, amma kada ku sayar da na gado. Ku haɗa magada a yi wa gidajen zango takardu, ku sa hannu a gyaran kwata da makaranta, ku bi kadin Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ku tambayi inda kuɗinsa ke zuwa, ku ɗauki yaran unguwa aiki a shagunanku. Zumunta a ƙafa take, ku riƙa kawo 'ya'yanku. Unguwar da duk mai hali ya fice daga cikinta ba ta da mai tsaya mata a gaban hukuma, kuma matsalarta ba ta daɗewa sai ta isa inda ya koma.